Shekarar da Aka Ce Labulena Yana Ruɓewa

Makon jiya wata yarinya ta shigo shagona a nan Agege, waya a hannu, farce zaƙo-zaƙo, ta ce tana so in koya mata ɗinkin labule kafin Sallah. Na tambaye ta me ya sa labule ta zaɓa. Ta ce ai shi ya fi sauƙi, ba hannu, ba wuya, ba ƙugu, layi ne kawai daga sama zuwa ƙasa. Na ɗauko ragowar wani yadi mai santsi na shimfiɗa mata a tebur, na ba ta almakashi na ce ta yanko min shi a miƙe. Abin da ta yanko sai ka ce tafiyar ɗan okada a cikin gosulo. Ta dubi yadin ta ce almakashin ne ba kaifi. Almakashin da nake ci da shi tun kafin uwarta ta yi aure.

To ku masu koyon da kuka rage a shagon, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Na gaji da faɗa wa kowacce ita kaɗai.

A Agege aka haife ni, mahaifina dillalin goro ne. Sana'ar kuma a kasuwar Idumota na koye ta, wurin wata Bayarabiya da ake kira Iya Risi. Shekarata ta farko ban taɓa keken ɗinki ba. Guga nake yi, da ɗauko bandir ɗin yadi a ka daga sito zuwa shago, da zura zobba a sanda har yatsuna suka yi kanta. Ku yanzu in an kwana biyu ba a ɗora ku a keke ba, sai ku kai ƙara gida wai ana bautar da ku. Iya Risi ba ta bayani. In ta ga kin karkace awo, tef ɗin da ke wuyanta za ta zaro ta tsula miki a bayan hannu, ta ci gaba da ciniki da mai saye kamar ba a yi komai ba. Da wannan tef ɗin na koyi cewa yadi mai nauyi yana saki, sai an rataye shi ya kwana kafin a kalmashe ƙasansa. Da shi na koyi cewa in yadi mai fure ne, furen ɓangaren dama dole ya gaisa da na hagu in an ja labulen. Tagar da rana ke duka kuma a yi mata shafi, in ba haka ba kafin shekara launin ya ƙone. Abu ɗaya ne kawai ta taɓa faɗa min da baki: kada in yanka yadi da awon da mai gida ya ba ni. In je da ƙafata in auna.

Shi ya sa kuke ganina da jakar nan. Tef ɗin ƙarfe, alli, dirila, kusoshi, da 'yar robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe kusa, wadda muke ce wa fisha. Sai ma'aunin ruwa irin na magina, don gane karkata. Tsanina kuma ni nake hawa. Da na fara, maza har tsayawa suke yi kallon Bahaushiya a kan tsani da dirila. Na sa wando a ƙarƙashin zani na ci gaba da aikina, suka gaji suka watse.

Yawancin aikina yanzu a sababbin gidajen nan ne da ake ginawa a jere ana sayarwa, waɗanda ake ce wa istet. Masu sayensu kuwa galibi mutanen da ba su taɓa mallakar ko ɗaki ba ne. Na san su tun daga sallama. Mutum zai buɗe miki ƙofa yana hura hanci, ya ce, "Sabo ne dal, ba wanda ya taɓa kwana a ciki." Kamar wannan abin yabo ne. Gidan da ba a taɓa kwana a ciki ba, ai ba wanda ya san halinsa. Sai ya ce tagogin duk ɗaya suke, in auna guda ta isa. Ban taɓa shiga sabon gida na sami taga biyu da suka yi daidai ba. Wata ta ɗaga kafaɗa, wata ta fi 'yar'uwarta faɗi da yatsa uku, silin ya gangaro ta gefe guda. Mai gida ba ya gani, fenti ya tafi da idonsa. Ni da zan rataya abu a miƙe a jikin abin da ya karkace, ni nake gani.

Akwai wani aiki da na yi a bayan Ikorodu. Wani oga ne ya gina gidaje ƙanana masu ɗaki biyu da falo, ya ware ɗaya a bakin ƙofa ya ce gidan talla ne, wanda za a riƙa nuna wa masu saye. Shi ogan ban taɓa ganinsa ba. Wakilinsa nake gani, wani mai kwat da turare, ko inuwa yake sai ya sa baƙin gilashi. Ya shigar da ni falon, ya nuna min wata taga da in ƙato ya leƙo kafaɗunsa za su toshe ta.

Ya ce, "Alhaja, so nake duk wanda ya shigo ya ga babbar taga."

Na ce, "Ai ƙarama ce."

Ya ce, "Shi ya sa aka kira ki."

Wannan ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya iya. Na kai sandar can ƙarƙashin silin, na zarce da ita hagu da dama har ta kusa cin bangon duka, na sa shara-shara a tsakiya don haske ya bazu, masu kauri a gefe suka sauka har ƙasa. Su kuma mutanen ogan suka kawo kujeru 'yan ƙanana waɗanda aka ƙera musamman don falon ya yi faɗi. Da muka gama, ni kaina da na ja baya na duba, sai na ga kamar falon wani babban ma'aikaci.

Ba a jima ba Ladidi ta shigo shagona da hoto a waya. Ladidi maƙwabciyata ce, gidansu na jikin namu, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, a yi layi da bokiti da asuba. Mijinta Malam Habu da dako ya fara a kasuwar Mile 12, har Allah ya buɗa masa ya zama dillalin albasa. A ɗaki ɗaya da 'yar baranda suka haifi 'ya'yansu, a nan suka aurar da ta fari, Fati. Mai gidan hayar ya rasu, magada suka ce kowa ya tashi, za su sayar. Malam Habu ya rantse ba zai sake haya ba. Tsohon gida kuwa a Legas tsoronsa yake ji, don ya ga yadda ake yi: ka saya a hannun ɗa ɗaya, wasu uku su ɓullo da lauya. Fili kuma, kafin ka ɗora bulo 'yan unguwa sun zo karɓar nasu, ka zo rufi su dawo. Sai ga masu istet suna cewa ga gida a gine, ga takarda, ka biya kaɗan-kaɗan.

Ladidi ta miƙo min wayar ta ce, "Yaya Uwani, dubi tagogi. Dubi haske."

Na duba na ce, "Ladidi, wannan hannuna ne. Rabin abin da kike gani bango ne."

Ba ta yarda ba, sai da muka shiga motar danfo muka je wurin ran Lahadi, ni da ita da Malam Habu. Mai kwat yana ta zuba bayani, ni kuma na wuce na kama labulen na yaye shi gefe. Ga 'yar tagar nan a tsakiyar bango. Mai kwat ya harare ni ta saman gilashi. Malam Habu ya matsa ya dube ta, ya sa hannu ya tura.

Ya ce, "Hajiya, tana buɗuwa dai ko?"

Na ce, "Tana buɗuwa."

Ya ce, "Inda muke yanzu ko irinta babu."

Na mayar da labulen. Ya saya. Bai tsaya nan ba, ya ja abokansa na kasuwa, masu albasa da masu tumatir da masu tattasai, har layi guda ya zama na Hausawa, ake ce masa Layin 'Yan Albasa. Ladidi kuma ta ja min matansu. Da rani suka tare, ni na yi wa layin labule tun daga farko har ƙarshe. A lokacin bangon a bushe yake ƙayau, fenti yana ƙyalli. Abin da kawai na lura da shi, dirila tana shiga bulon kamar a cikin burodi, fisha ba ta kamawa, sai da na riƙa kafa katako tukuna in ɗaura sanda a kai. Na faɗa wa masu gidajen siminti ya yi ƙaranci a bulon nan. Suka ce ai sabon gini ne, zai yi ƙarfi.

A cikin matan akwai Hajiya Bilki, matar wani babban dillalin tumatir. Ita ta fi kowa ba ni wahala. Hawa uku take so, karammiski a sama, kuma ya riƙa jan ƙasa kamar yadda ta gani a waya. Na ce mata gidan da ta gani a waya ba a Legas yake ba, kuma akwai masu share shi. Ta ce da kuɗinta. Na yi mata abin da kuɗinta ya ce.

Sai damina ta sauka. Ashe wurin fadama ce aka cike da yashi aka yi gini a kai, ba magudanar kirki, ba abin da aka shimfiɗa a tushe don tare laima. Ruwa ya riƙa hawa ta cikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Fenti ya kumbura. Labule kuma yana jingine da bangon, ba iska a bayansa, sai fumfuna ta kama shi daga ƙasa tana hawa, baƙi-baƙi, ga wari kamar an manta jiƙaƙƙen wanki a bokiti.

Hajiya Bilki ce ta fara kira. Ko gaisuwa babu, ta ce na sayar mata da ruɓaɓɓen yadi. Na bar aiki na tafi. Na ɗaga labulen, na shafa bangon, na nuna mata tafin hannuna a jiƙe.

Ta ce, "Labulenki ne ya jawo ruwan. Gidan hayar da muka bari ya fi ki shekaru, labule bai taɓa baƙi a ciki ba. Sai sabon gida ne zai yi ruwa?"

Gida-gida na bi layin nan, ko'ina maganar ɗaya. Ku gane abin da ya faru, don za ku haɗu da irinsa. Mutum ya kwashe guminsa na shekara da shekaru ya zuba a gida, ya yi walima, ya kira 'yan'uwa daga Arewa sun zo sun gani, har yanzu kuma bai gama biya ba. Ba zai buɗe baki ya ce gidan ne ba shi da kyau ba. Labule ya fi sauƙin zagi. Mai kwat kuwa, ofishinsa na bakin ƙofa ya zama shagon sayar da ruwan leda, wayarsa a kashe.

Maganar ta riga ni dawowa Agege. A gidan suna, a gidan biki, a waya, wai Uwani tana sayo yadin da ruwa ya taɓa a sito tana ɗinka wa mutane. Wata har cewa ta yi ta gan ni da idonta a Idumota ina tsintar na ƙasa. Iyayen amare, waɗanda su ne rabin cinikina, suka ɗauke ƙafa. Masu koyon da nake da su a lokacin suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ciwon kakarta a ƙauye. Na koma ɗinka rigar filo ina ba masu talla, na sayar da keke ɗaya daga cikin biyun da nake da su. Ladidi ba ta zage ni ba, amma ba ta tare min ba. Ta dai daina kira.

Wajen ƙarshen damina Fati ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka gidan iyayenta ta koma, a can aka yi suna. An aiko min, na tafi, don Fati a bayana ta yi wayo. Na sami falon cike da mata, na layin da na Agege da na Mile 12. Ladidi ta turara gidan har ido yana yaji, ta kuma naɗe ƙasan labulen ciki ta kama da fil don kada a ga baƙin. Na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Na wuce ɗaki na karɓi jaririn. Yaro kyakkyawa, amma numfashinsa da ƙara, hancin a toshe. Fati ta ce tun kwana biyu da haihuwa yake haka, ita ma ƙirjinta ya riƙe. Na dubi bangon bayan gadon na ga fumfuna, na fito na sami gefe na zauna.

Ana cikin raba abinci Hajiya Bilki ta ɗaga murya, wai da wata baƙuwa take magana.

Ta ce, "In za ki yi labule ki yi tambaya tukuna. Mu nan mun gani. Wasu ba tsoron Allah, har gidan suna suke iya shigowa su zauna."

Aka yi 'yar dariya. Na sa hannu na ɗauki jakata. A lokacin Ladidi tana tsakiyar falon da tiren shinkafa. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa, ta tsallake ƙafafun mutane ta isa taga, ta kama labulen da hannu biyu ta finciko. Ba labulen kaɗai ya zo ba, har sandar da katakon da guntun filasta. Mata suka dare.

Bangon baƙi ƙirin tun daga ƙasa har ƙirjin mutum, fenti ya saɓule yana reto, ruwa yana tsattsafowa yana gangara bayan kujera. Warin da aka wuni ana dannewa da turare ya taso.

Ladidi ta ce, "Ku duba da kyau. Wannan ma Yaya Uwani ce ta ɗinka shi?"

Ta juya ta nuna ɗakin da jaririn yake.

Ta ce, "Jikana wannan yake shaƙa tun ranar da ya zo duniya. Ni na gaji da turare."

Hajiya Bilki ta gyara mayafi ta ce, "To, namu dai bai kai haka ba."

Sai wata yarinya matar mai tattasai, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Namu ya fi haka. Katifarmu ma ta ruɓe, a kan tebur muke ɗora kaya."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ta ce kwabarta ta kumbura ba ta rufuwa, waccan ta ce buhun shinkafarta ya yi tsiro. Mutanen da suka yi wata da watanni suna gaisawa kullum, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya. Malam Habu yana waje cikin rumfa da maza, ya ji hayaniya ya leƙo. Ya dubi bangon, ya dubi matarsa, ya dubi baƙin da suka zo daga nesa. Wata tsohuwa ta tashi za ta ɗaga labulen ta mayar.

Ya ce, "Inna, a bar shi haka."

Washegari Fati da jaririn suka dawo Agege, a ɗakina ta ƙarasa wankan jego. Ba a yi mako ba hancin yaron ya buɗe. Mazan layin kuma, da abin ya fito fili, suka zauna suka haɗa hannu. Suka haƙa magudana ta bayan gidajen, aka farfasa filasta daga ƙasa aka sake da siminti na gaske, wasu suka ɗaga daɓen ɗakunansu. Ba a warke duka ba. Mutum biyu sun sayar da asara sun koma haya. Malam Habu yana nan, duk damina da abin da zai gyara, amma ba mai buga masa ƙofa ya ce ya tashi. Hajiya Bilki har yau hawa uku take sawa, a wurin wani tela take yi, kuma duk shekara sai ta canja tela.

Ni kuwa ciniki ya dawo a hankali. Ba wadda ta zo ta ce in yafe mata. Sai dai mace ta shigo tana kallon silin, ta ce, "An ce ke kika iya." In ce haka ne, in ɗauko tef.

Tun daga shekarar nan ba na kai labule ƙasa a sabon gida, ko za a ninka min kuɗi, kuma sai na bar tazara tsakaninsa da bango. Ba na kuma zuwa awo sai na tambayi mai gidan ko ya taɓa ganin gidan nasa da damina. Yawanci da rani ake kai masu saye, da hantsi, a motar kamfani mai sanyi.

Gobe muna da awo a wani sabon istet, can gaba da inda nake ba ku labari. Biyu daga cikinku za su bi ni, ɗaya ta ɗauki tsani, kuma kada wadda ta zo min da takalmi mai tsini. Mai gidan yaro ne ma'aikacin banki, gidansa na fari, bai ma tare ba. Ɗazu ya kira ni ya ce, "Mama, ko za mu ɗaga zuwa wani makon? An ce gobe za a wuni ana ruwa."

Na ce masa a cikin ruwan nake so.

Ya ce, "Ai matsalar, in ana ruwa mota ba ta iya shiga layin."

Na ce, "To ka ga, ka fara sanin gidanka."